Ƙwaryar Nonon da Na Kai Makarantar Mishan

Shekarar da babbar 'yata ta gama firamare, sunanta ya fito a makarantar kwana ta 'yan mata da ke kudu da mu, hanyar Doguwa, wadda har yau mutanenmu ba sa kiranta da komai sai makarantar mishan. Gwamnati ta daɗe da karɓe ta, ita ke biyan malamai, ita ke ciyar da yara. Amma cocin da ya kafa ta yana nan jingine da katangarta, kuma kowa ya san har yanzu suna da ta cewa a ciki. Ana yabon makarantar da karatu, ana kuma rage murya in za a yi yabon.

Mu Fulanin zaune ne a gefen Burumburum, muna noma muna kiwo. Ni kaɗai ce a matan gidan na yi boko, ina koyarwa a firamaren garinmu. Maigidana mutum ne mai sanyi, magana in ta yi nauyi sai ya tura ta wurin yayansa, wanda yara ke kira Baffa. Baffa kuwa da ya ji sunan makarantar sai ya ajiye ƙoƙon furarsa. Ya ce shi ba zai kai yarinya inda ake kaɗa ƙararrawar coci ta dawo masa da wani suna ba. Malamin allon yaran ya ɗan sassauta, ya ce ba a yanke hukunci a kan ji, sai a je a gani. A kan haka aka tsaya: in ido ya gani ya gamsu, ta tafi, in ba haka ba, ta zauna a gida. Sakandaren jeka-ka-dawo da ke kusa da mu ba ta shiga lissafi, don malamanta sun fi zuwa kasuwa a kan zuwa aji.

 Yarinyar kuwa, na lura ta wanke tsohuwar akwatin ƙarfena ta shanya a bayan ɗaki, inda take zaton ba mai gani.

To wa zai je? Mazan gidan kowa ya noƙe, ba mai son a ce an gan shi yana shiga ƙofar da ke kallon coci. Ni kuma ban yarda da ziyarar da ake sanarwa ba, domin na san sirrin gidan. Mu ma in an ce baƙi za su zo makarantarmu, shara muke yi har ƙarƙashin bishiya, mu aro benci a masallaci, mu jera yara masu kai a gaba, daƙiƙai a tura su baya. Duk wanda ya zo da takarda a hannu, abin da aka shirya masa zai gani.

Surukata ce ta kawo dabarar, tana kaɗa nono tana magana kamar ba da ni take ba. Ta ce mai tallan nono ba a yi mata shara. Ta ƙofar baya take shiga, ta zauna a madafa, ta ga tukunya yadda take, ta ji faɗan miji da mata, ba mai sauya murya dominta. Na ji maganar ta shige ni. Rabona da ɗaukar ƙwarya tun ina budurwa, amma na ce ai abin da aka tashi da shi ba ya ɓacewa. Ta ara mini ƙwaryarta da faifai da ludayi, ta naɗa mini gammo, ta kalle ni sama da ƙasa ta ce in cire agogo.

Ranar kasuwa na shiga mota. Daga inda aka sauke ni zuwa ƙofar makarantar ba nisa, amma kafin in isa wuyana ya fara gaya mini cewa shekarun alli da allo ba su bar shi yadda yake ba. Maigadi, wani dattijo mai tsagar fuska, ya buɗe faifai ya leƙa, ya nuna mini hanyar gidajen malamai. Na ce a raina, ga aibi na farko, kowa ma shiga yake.

Ban bi hanyar da ya nuna ba. Na zaga ta bayan azuzuwa a hankali, ina kiran nono ƙasa-ƙasa don kada a saye da wuri. Ajin da ba malami yana da irin hayaniyarsa, ko a barci na san ta. Ban ji ta ba. Kowace taga na wuce, murya ɗaya ce ke tashi, sauran shiru. Maimakon in ji daɗi sai na ƙara tsuke fuska, na ce ko dai duka ake yi musu, ko kuma wani abu ake cusa musu da ya sa suka yi lamo haka. Na tsaya jikin wata taga na kasa kunne. Lissafi ne, kuma malamar ta iya.

Daga nan na nufi madafa, don Baffa ya ja kunnena a kan tukunya. Mata uku na tarar suna tuƙa tuwon dawa, miyar kuka na tafasa a gefe. Na sauke ƙwarya, na gaishe su, na yi ta buɗe hanci ina neman ƙamshin naman da ake tsoro. Ko na akuya ma babu, daddawa ce kawai ke aikinta. Biyu daga cikinsu kansu a ɗaure irin namu, ɗayar da ƙaramin gicciye a wuya, suna ta tsokanar juna a kan wadda ta cika gishiri jiya. Suka sayi nono na ɗari-ɗari. Na cika musu ludayi har yana zuba, ban yi ciniki ba, hankalina na can wajen ɗakunan kwana da na hango.

Na tambaye su nan ne yaran ke kwana. Suka ce nan ne. Na ce wa ke kwana da su. Suka ce Mama. Na ce da dare ana kulle su ne, kuma mabuɗin a hannun wa yake. Na ce masu gadi nawa ne, su ma kwana suke ko tafiya gida. Na ce waccan katangar ta baya, bayanta gari ne ko daji. Mai gicciyen ta amsa biyu na farko, daga nan ta ce bari ta ɗebo itace. Ban kawo komai a raina ba. Ina ganin kaina gwanar bincike.

A bayan ɗakunan kwanan na ga abin da na zo nema. Butoci ne jere a gindin famfo, tsofaffi, wasu an ɗaure hannunsu da waya. Kusa da su wata rumfa da tabarmi, tabarmin sun cinye daidai wurin goshi da gwiwa. Sabuwar tabarma ana iya shimfiɗa wa baƙo, amma wannan cin ba a yin sa a kwana ɗaya. Can ɗaya gefen kuma wani ɗaki ne da benci da ganga, na gane na masu zuwa coci ne. Na auna tazarar da ke tsakaninsu da ido, na ce ta yi kusa. Sai na bi katangar baya ina dubawa ko akwai inda ta zube, har ina tura bulo da ƙafa.

"Mai nono, kawo mu gani."

Wata mata ce doguwa, ta manyanta, da zane da riga na atamfa da tarin mabuɗai a ƙugu. Ita ce Maman da aka faɗa. Ta kai ni barandar ɗakinta, ta ba ni kujera, abin da ba a yi wa mai talla. Ba ta buɗe faifan ba. Ta tambaye ni rugarmu, na faɗi wata. Ta tambayi sunan arɗonmu, na yi inda-inda. Ina ɗaga kai na hango maigadi ya ja ƙofar makaranta ya sa kwaɗo, ga wasu maza biyu da gora sun tsaya nesa kaɗan suna yi kamar hira suke.

Ta ce, "Baiwar Allah, masu kawo mana nono mun san su har jikokinsu. Ba mai cika ludayi haka. Ba kuma wadda ta taɓa tambayar masu gadi nawa ne. Wa ya aiko ki?"

Sai a lokacin na ji tambayoyina da kunnen wani. A shekarun nan, a bakin dajin Falgore, baƙuwar Bafulatana tana tambayar inda 'yan mata ke kwana da inda katanga ta yi rauni.  Tsoro ya zo, amma haushi ya riga shi zama.

Na ce, "Ni malamar makaranta ce. 'Yata aka ba gurbi a nan, na zo in ga inda zan kawo ta."

Ta ce, "Da ƙwarya?"

Na ce, "Da na zo da jaka, da abin da kuka ga dama za ku nuna mini."

Aka kai ni ofishin shugabar makaranta, ƙwaryata a hannun maigadi kamar kayan sata. Shugabar Musulma ce, da hijabinta har ƙasa, wannan ma ban san shi ba sai ranar. Ta nemi lambar hedimastanmu ta kira shi a gabana. Ina jin muryarsa ta cikin wayar yana tabbatar da ni, yana kuma ƙoƙarin danne dariya. Na san kafin in koma gida labarin ya riga ni. Shugabar ta ba ni haƙuri a taƙaice, ta ce in ina son ganin makaranta ƙofa a buɗe take, ba sai na wahalar da wuyana ba.

Mama ce ta rako ni. A hanya ta ce, "Malama, kada ki riƙe mu. Ke kin zo duba ko za mu ɗauke miki addinin 'ya, mu kuma 'ya'yan mutane ne a wuyanmu, na masallaci da na coci. Ni ba na barci sai na ƙirga su."

Na tsaya na dube ta. Na ce, "Mama, tsakaninki da Allah, da ba Bafulatana ba ce ni, za ku sa wa ƙofa kwaɗo?"

 Ta ce, "Za mu sa. Amma ba da wannan saurin ba."

Na so ta yi mini ƙarya. Da ta yi, da na samu abin da zan kai gida in ce ga halinsu. Gaskiyar da ta faɗa ta yi mini ciwo, kuma ta hana ni abin faɗa. Na karɓi ƙwaryata, sauran nonon na ba masu tuwo kyauta don ba zan iya sake ɗora shi a ka ba.

Da daddare aka taru a ƙofar Baffa. Na ba da labarin azuzuwa, da tukunya, da butoci, da tabarmin da suka cinye. Yana ji yana kaɗa kai, ba alamar ya motsa. Ya ce duk wannan ana iya shirya shi. Ganin hedimasta zai fesa ko ban faɗa ba, sai na faɗi sauran, da kwaɗon da mazan da gora. Ina jira ya tashi da faɗa ya ce an wulaƙanta matar gidansu. Sai ya gyara zama. Baffa ya taɓa rasa shanu a dare ɗaya, a hannun mutanen da suka fara aiko mai leƙen asiri da sunan neman ɓataccen maraƙi. Ya sa na maimaita masa yadda mai tuwon ta zame ta kai rahoto. Ya ce, "Wurin da mai tuƙa tuwo ma ke gadi, a nan ake ajiye yaro. Ta tafi." Wato duk binciken da na yi bai ci ba, kamun da aka yi mini ne ya ci. Na kwana ina jin haushin kowa, har da shi.

Ranar kai ta, na sa mayafina mafi kyau da agogona. Mama ta hango mu tun daga nesa, ta taho da fara'a tana cewa ga mai nononmu. Ta karɓi akwatin da kanta, ta wuce gadaje da yawa da ba kowa, ta ajiye ta a kan na farko, wanda ke manne da ƙofar ɗakinta. Ta ce, "Wannan tawa ce, a nan za ta kwana inda idona yake." Wata uwa da ke kusa ta ce mini na yi sa'a, ita ta roƙa ba ta samu ba. Na yi godiya har da rusunawa. Amma tun daga ƙofar makarantar har Tudun Wada, maganar nan ta inda idona yake nake juyawa.

Karatu kam ta samu. Sallarta ba ta taɓu ba, har ta dawo tana gyara wa ƙannenta alwala. Baffa ya daina cewa makarantar mishan, ya koma cewa makarantar su yarinya. Ni ce dai ban huta ba. Da ta zo hutun farko, na bari sai da muka keɓe muna tsince shinkafa, na tambaye ta kamar da wasa ko Mama na sonta.

Ta ce, "Sosai ma, Inna. Duk ɗakin ba wadda take kula da ita kamar ni. Ko bayi na tashi zan je, sai ta farka ta tambaye ni ina za ni."

Na ce, "Sauran fa, tana tambayarsu?"

Ta ɗan yi tunani, ta ce ita dai ba ta taɓa ji ba.