Rawayar Mama a hannun matar yayana

Mama ba ta taɓa sayen rawaya a kasuwar Keffi ba. Da kanta take tono saiwar a wani daji ta hanyar Gitata, bayan an ƙone ciyawa furen ya ɓullo a ƙasa. Ta daka, ta shanya, ta zuba garin a miya ta yi kyau, in wani ya kamu da ciwon shawara a garinmu Yara ta jiƙa masa. Inda take tonowa kuwa ba ta faɗa wa kowa.

Ni kaɗai ce 'yarta mace, don haka na ɗauka gadona ne, ko yaushe na ga dama zan karɓa. Ta sha cewa in raka ta, ni kuma in ce rana, in ce makaranta, daga baya in ce ofis.

Sai yayana ya auro 'yar wani mai shago, Inyamura, wadda ko tuwo ba ta iya tuƙawa ba. Wata Asabar na zo gida na tarar ita da Mama sun dawo daga dajin, tafin hannunsu duk ya rine, suna ta dariya.

Na ce, "Mama, bare kika kai?"

Ta ce, "Ita ta ɗauki fartanya."

Haba! Wata biyu ban taka gidan ba. Ko a biki na ga miyar yarinyar nan sai in ce na ƙoshi.

Bayan rasuwar Mama idon ɗiyata ya canza launi, shawara ta kama ta. Mun je asibiti, ana ba ta magani, amma na san raina ba zai kwanta ba sai da jiƙon Mama. Na haɗiye girman kai na je wurin matar yayana.

Fartanya ta ɗauko, muka tafi. A dajin ta durƙusa ta yanki rabin saiwar, ta mayar da ƙasa kan sauran.

"Anti, kar ki kwashe duka, ke ba ɓarauniya ba ce, baɗi ma za ki dawo."

Maganar Mama ce sak, har da ɗan tsakin da take yi a ƙarshe. Ni na sha nononta, amma a bakin wata na ji ta. Ɗiyata ta warke, na kuma yi godiya. Har yau dai in na ga hannun matar nan a rine, sai na kau da kai.