Tarwaɗar Inna a Tafkin Bature

Gidan da aka ba maigidana a Gusau, bayan an yanke mana jiha an dawo da ma'aikata daga Sakkwato, tsohon gidan wani Bature ne. A bayansa akwai ƙaton rami na siminti mai matakala, inda aka ce shi da matarsa suke iyo. Mu kuwa wa ke da lokacin iyo? Famfo sai ya ga dama yake kawo ruwa, saboda haka duk ranar da ya zo sai mu zura tiyo mu cika ramin. Da shi muke wanki da wanka da girki, in ta ƙure mu tafasa mu sha. Yarana suka sa masa suna tafkin Bature.

A shekarar ne ƙafafun mahaifiyata suka fara kumbura. Inna muke ce mata. Tun rasuwar Baba take zaune a Bungudu, likita kuma ya ce lallai ta dawo kusa da asibiti a riƙa duba ta. Na yi lallashi, na yi kuka, har fushi na yi. Da ƙyar ta yarda, amma ta ce ba ta ɗagawa sai da tarwaɗarta. A wajenmu akan jefa tarwaɗa a rijiya ta riƙa cinye tsutsa da ƙwari, ruwa ya zauna lafiya. Wannan kuwa Baba ne ya jefa ta da hannunsa tun tana 'yar mitsitsiya. Haka muka taho a mota, Inna rungume da bokiti, ruwa na fallatso mini a zane har Gusau.

Da ta leƙa tafkin sai ta riƙe haɓa. "Duk wanga ruwa babu kihi? To mi ka tsaronai?" Ta juye bokitin a ciki, ba ta ko tambayi mai gidan ba.

Kullum da hantsi takan shimfiɗa tabarma a bakin matakala, ta marmashe sauran tuwo tana watsawa, tarwaɗar ta taso tana kaɗa gashin baki. A nan take shan maganinta ba gardama. Ƙafafun suka fara saɓewa. Na samu kwanciyar hankalin da na daɗe ban samu ba.

Sai wani baƙin abu ya ɓullo a jikin tafkin. Na san gansakuka, koriya, wadda ake yaɗewa da ƙwarya. Wannan daban ce. Ɗigo-ɗigo ta fara a kusurwa, baƙa ƙirin, sama santsi, ƙasa ta kama siminti kamar ƙanzo a gindin tukunya. Maigidana ya ɗauko masu yasar rijiya daga Tsafe. Suka sa tarwaɗar a baho, suka kwashe ruwan kaf, suka wuni suna kankara da buroshin ƙarfe da toka da garin sabulu. Da za su tafi babbansu ya ce mini, "Hajiya, wanga abu saiwa gare shi cikin tsagar siminti. Dawowa za shi yi." Na ji haushinsa, na ce a raina neman wani aikin yake. Wata bai ƙare ba ta dawo, har ta fi da yawa.

Ruwan ya fara ƙarni. Babban ɗana ya kama ƙaiƙayi, autata kuma gudawa ta kayar da ita, idanunta suka faɗa. Likita ya tambayi ruwan da muke sha, na faɗa masa, ya dube ni kawai ya girgiza kai. Wani abokin maigidana ya kawo farin garin kulorin a gwangwani. Ya ce shi kaɗai ke kashe baƙar gansakukar, kuma ba sau ɗaya ake zubawa a huta ba, kullum ne. Ya ƙara da cewa kifi ba ya rayuwa a cikinsa, kuma tuwon da ake watsawa shi ke ciyar da baƙin.

Muka gwada mayar da tarwaɗar babbar randa. Ta ƙi cin komai. Wata safiya na iske ta yi tsalle ta faɗo ƙasa tana birgima, Inna ta durƙusa da kumburarrun ƙafafunta tana kokawar kama ta. Dole muka mayar da ita tafkin. Na ce a haƙa mana rijiya, maigidana ya ce gidan ba namu ba ne, ba a yarda ba. Na sauke masa duk abin da ke cikina, shi kuwa bawan Allah bai yi mini komai ba. Gwangwanin nan na bisa taga, ni da shi kowa ya ƙi taɓawa. Ina tsoron 'yata ta mutu, ina tsoron uwata ta tafi, kuma ban ga yadda zan riƙe su duka biyun ba.

Inna ce ta raba gardamar. Ta wuni goye da autar, ta ji yadda yarinyar ta zama ba nauyi. Da la'asar ta kira ni. "Ɗauko min bokitina. Ku zuba maganinku."

"To ki zauna, Inna. A mai da ita Bungudu ita kaɗai."

"Wa ka ba ta abinci? Ubanki ya bar min ita, ba ni barin ta."

Na roƙe ta har muryata ta dushe. Washegari ta tafi.

Kulorin ya yi aikinsa. Baƙin ya koma toka-toka, aka kankare shi ya fita, yarinya ta miƙe. Ruwan ya yi garau har ana ganin tsagar ƙasan, ni kuwa ko kallonsa ba na son yi.

Bayan salla na je Bungudu. Na same ta zaune a bakin rijiya, ƙafafun sun fi da kumbura, takalmi ma ba ya shiga. Kwalaben magani na bisa taga ba a buɗe ba. Na buɗe baki zan fara faɗa, ta riga ni.

"Baƙin nan ya hita?"

Na ce ya fita, Inna.

"Auta fa?"

Na ce tana gudunta, ta ƙoshi.

"To madalla," ta ce, ta ja zane ta rufe ƙafafunta don kada in ci gaba da kallo.