Abin da Ya Kira Tarkace

A ofishin babu mai iya tuna ranar da aka fara ce masa Baba Taswira. Sunan ya kama shi tun kansa baƙi wuluk, furfura ce ta zo daga baya ta tarar da shi. Ya fara aiki ne a zamanin da ake zana taswira da hannu, a kan doguwar takarda shara-shara, da alƙalami mai bakin allura. In hannunka ya yi rawa sau ɗaya, aikin mako guda ya tashi a banza. Da kwamfuta ta shigo, abokan aikinsa da yawa suka ce su kam sun tsufa da koyon sabon karatu. Shi ya zauna ya koya, yana danne-danne da yatsa biyu kamar kaza tana tsintar tsaba, har ya zama shi ne mai riƙe da injinan da taswirar garin gaba ɗaya ke zaune a cikinsu.

Injinan nan saba ake ce musu. Guda uku ne, a jere cikin dogon akwatin ƙarfe, a ɗakin ƙarshe na hawa na biyu, ɗakin da ba shi da taga. Duk wanda ya buɗe taswirar garin a wayarsa, direban motar asibiti ne ko mai kai saƙo ko injiniyan da zai haƙa rami, daga ɗakin nan ake miƙa masa ita. Na'urar sanyaya ɗakin ba ta hutawa, shi ya sa yake da wata rigar sanyi ruwan toka a bayan ƙofa, wadda matarsa ta rantse ba za ta ƙara wankewa ba sai dai a jefar. Takan ce masa, "Injin sunansa saba, kai ma ka saba. Ai dama an ce sabo turken wawa." Shi kuma yakan ce, "To ke da kika saba da wawan fa?"

Mutum ne mai tsari har ya so ya yi yawa. Kafin ya amsa gaisuwar kowa da safe sai ya duba ko injinan sun kwafi ajiyar jiya, ya rubuta a littafinsa. Masu awo, wato waɗanda ke shiga rana suna auna tituna da gine-gine su kawo masa, tsoronsa suke ji fiye da na Darakta. In titi ya haɗu da titi ya bar giɓin da bai kai tsinke ba, zai maido musu da aikin da jan biro a jiki. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, kuma ba ya ɓoye shi: shekara talatin da huɗu ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Akwai ma takardar yabo a bangon ɗakin, ta shekara tara da suka wuce, lokacin da taswirar ke jan ƙafa a wayoyin mutane, ya yi mata wata dabara ta koma buɗewa kafin ƙiftawar ido. Yanzu saura wata biyu ya ajiye aiki, kuma da wannan sunan yake so ya fita.

Yana da yaya mace, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tun da mijinta ya rasu ta koma wata unguwa a bayan tsofaffin rumbunan ajiyar kaya, inda ɗakuna ke manne da juna, kowa da ɗakinsa ɗaya da 'yar barandar girki. Babu famfo a unguwar. Sai an tsallaka babban titi ake samun ruwa, ita kuwa gwiwoyinta sun fara ƙin ba ta haɗin kai. Duk Asabar yakan je ya gaishe ta, duk Asabar kuma takan sa ya buɗe mata taswirarsa ta ga gidanta. Abin da ke fitowa shi ne fari fat, fili kamar ba a taɓa kafa tubali a wurin ba.

"Masu awo ne ba su iso nan ba tukuna, Yaya," yakan ce.

"Sun zo mana. Har ruwa na ba su suka sha, ruwan ma da na sha wuya na ɗebo."

"To ba su kawo mini aikin ba. Ai kin san su."

A nan maganar ke mutuwa kullum. Bai taɓa zuwa ya duba ba, don a ransa ya riga ya yanke hukunci, kuma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ran wata Talata, wani Injiniya daga ofishin ruwa ya shigo ɗakin yana murza hannu saboda sanyi. Godiya ya zo yi. Sun gama tsara inda sababbin bututu za su bi, in ji shi, kuma daga taswirar Baba suka ƙidaya gidajen kowace unguwa, suka ba masu yawa fifiko. Ya baza tsarin a kan tebur. Idon Baba Taswira ya tafi kai tsaye bayan rumbuna. Shuɗin layin bututu ya zo daf da wurin, ya yi kwana, ya wuce abinsa.

"Nan fa? Akwai mutane a nan."

"Baba, taswirarka ta ce fili ne. Wa zai ja bututu ya kai wa fili?"

Ransa ya ɓaci, amma da masu awo. Injiniya na fita ya buɗe rumbun bayanai na asali a kwamfuta, inda ɗanyen aikin masu awo ke shiga kafin a nuna wa jama'a, da niyyar ya samo hujjar da zai kai wa Darakta. Ya nemo unguwar Yaya a ciki. Sai ga su. Ɗakuna ɗari huɗu da goma sha biyu, kowanne da kusurwoyinsa huɗu a rufe tsaf, awo mai kyau wanda ko shi ba zai sa wa jan biro ba. Kwanan watan da aka shigar da su ya kai shekara goma sha ɗaya.

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. In suna cikin rumbu amma ba sa fitowa a waya, to a tsakani ne wani abu ke tare su, kuma tsakanin nan hannu ɗaya ne ke taɓa shi. Ya buɗe fayil ɗin ƙa'idoji, wanda ke gaya wa saba abin da za ta zana da abin da za ta bari. Bai daɗe yana nema ba. Layi ɗaya ne: duk ginin da faɗinsa bai kai murabba'in mita ashirin ba, kada a zana. A gefensa kuma, a wurin da mai aiki ke bar wa kansa tunatarwa, ga kalmomi uku da ya rubuta shekara tara da suka wuce: a cire tarkace.

Ya tuna ranar sarai. Abin da ya gani a lokacin shi ne dubban ƙananan zane suna nauyaya wa injin: rumfar janareta, ɗakin maigadi, akurkin kaji, kes ɗin mai sayar da katin waya. Ya duba unguwanni uku da ke kusa da ofis, ya ga babu gidan da ya gaza mita ashirin, ya ce shi ke nan. Dabarar da aka ba shi takardar yabo a kanta ke nan. Ya zauna cikin ƙugin injinan ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, kunya mai nauyi, har ya kasa ɗaga kai ya dubi bango.

Gyaran ba komai ba ne. Ya share layin, ya sa injin ya sake zana taswirar daga tushe, kafin a tashi aiki unguwar Yaya ta bayyana. Ba ita kaɗai ba. Wasu unguwanni shida a gefen garin suka tsiro tare da ita. Babu wanda ya gani, babu wanda zai tambaya. Taswira kullum canzawa take, kowa zai ɗauka sabon awo ne ya shigo.

Washegari ya kira Injiniya, ya ce ya sake duba bayan rumbuna.

"Na gani, Baba. Amma an riga an rufe tsarin. In sababbin gidaje ne, sai zagaye na gaba, shi ma sai bayan shekara biyar."

"In kuma ba sababbi ba ne fa?"

"Sai ofishinku ya rubuto a hukumance cewa taswirar da muka yi aiki da ita tana da kuskure, tun yaushe, kuma daga ina ya fito. Da wannan kaɗai doka ta yarda a sake buɗe tsari. Amma wa zai rubuta haka a kan taswirarka?" Injiniya ya yi dariya, don a ganinsa wasa ya yi.

Kwana biyu Baba Taswira yana juya maganar. Ya rubuta wasiƙar sau huɗu. A ta farko ya ce matsalar na'ura ce. A ta biyu ya ce an samu tangarɗa wajen nuna bayanai, irin maganar da ba ta da uwa ba ta da uba. Ya san Injiniya zai maido ta, don ba ta faɗi daga ina ba. Ya kuma san in aka bar ta a buɗe, kan masu awo za ta faɗa, su da kowa ya saba zargi, kuma shi ya koya wa kowa zarginsu. Wanzami dai ba ya son jarfa. Matarsa ta lura yana barin abinci, ta tambaya, ya gaya mata duka. Ba ta yi tsokanar da ta saba ba.

"Sunanka kake tsoro?"

"Shi kaɗai na tara."

"To ai ka tara shi ne don ya yi amfani wata rana. Ga ranar ta zo."

Darakta mace ce mai sauƙin kai, wadda ta same shi a ofishin tun tana sabuwar ɗauka. Ta karanta wasiƙar ta huɗu a tsaye, sannan ta zauna ta sake karantawa. A ciki ya rubuta kwanan watan, da layin ƙa'idar, da adadin gidajen da suka ɓace a unguwanni bakwai, da cewa aikin masu awo ba shi da aibi, hannunsa ne shi kaɗai.

"Baba, za mu iya cewa ofis ne ya yi. Ba sai an sa sunanka ba. Wata biyu fa ya rage maka."

"Ranki ya daɗe, ofis ba shi da yatsa. In an ce ofis, gobe za a ce masu awo."

"Ka san za ta shiga fayil ɗinka. Kuma za a yi ta magana."

"Na sani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ta sa hannu a ƙarƙashin nasa. Da ya fito, ya bi ta ofishin masu awo ya tsaya a bakin ƙofa. Suka miƙe suna jiran faɗa. Ya gaya musu abin da ya faru cikin jimla uku, ya ce su yafe masa. Babbansu, wanda ya sha jan biro fiye da kowa, ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Baba," ya jawo masa kujera. Bai zauna ba, don da sauran wuri ɗaya da bai je ba, kuma shi ne mai wuyar.

Bai jira Asabar ba. Ya tarar da Yaya a baranda tana shafa man zafi a gwiwa. Ya zauna a kan tabarma, ya buɗe wayar ya miƙa mata ba tare da ta roƙa ba. Ta kawo ta kusa da ido, ta bi lungun da yatsa, ta tsaya a kan wani ɗan murabba'i.

"Wannan ne nawa? Ashe masu awon naka sun kawo aikin."

"Tun tuni suka kawo, Yaya. Gaskiyarki ce. Ni na ɓoye ku."

Ya yi mata bayani yadda za ta gane: cewa ya gaya wa injin duk abin da bai kai girman kaza ba kada ya nuna shi, don ya ɗauka ba gida ba ne, cewa saboda haka bututu ya kauce musu, cewa ya rubuta an sake buɗe tsarin, amma ba zai yi mata alƙawarin rana ba.

"In ba gida ba ne, me ka ɗauka?"

Ya so ya ce rumfuna, ya so ya ce ƙananan gine-gine. Amma matar nan ta san ƙaryarsa tun bai iya magana sosai ba.

"Tarkace na rubuta."

Ta ajiye wayar a cinya. Ta juya ta dubi cikin ɗakin ta ƙofar da ke buɗe: gado, akwatuna biyu a kan juna, darduma a naɗe, hoton mijinta. Ta daɗe tana kallo kamar yau ta fara ganin wurin. Ba ta yi fushi ba, shi kuwa da ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Nawa ya rage mini in zama gida?"

Ya riga ya duba, ba sai ya yi lissafi ba. Ɗakinta mita huɗu ne sau huɗu.

"Mita ɗaya, Yaya. Da bangon can ya matsa kamar daga nan zuwa inda takalmina yake."

Ta dubi takalmin, ta gyaɗa kai a hankali.

"A ɗakin da bai kai wannan ba na raine ka," ta ce. "Ban san ba a gida muke ba."

Ta rufe kwalbar man, ta nuna bayan ƙofa da haɓa.

"Jarkoki biyu ne a can, duka babu komai. Ka naɗe ƙafar wandonka, akwai taɓo a bakin titi."