Takalmin Shiga Aji

Shekara guda Bogumił, tsohon direban bas a Tarnów, ya yi yana koyar da 'yarsa Jagoda a teburin kicin. Idan ta faɗi jarrabawar shekara, makaranta za ta janye izinin karatun gida. Tsabar fargaba, shi ne ya rame, ba ita ba.

Ranar jarrabawa, mai sharar makarantar ta tare su a ƙofa. "Malam, ina takalminta na shiga aji? Ba a taka min daɓe da na waje."

Bogumił ya yi turus. A gida da safa suke karatu.

"Baba, wannan darasin ka tsallake," in ji Jagoda.

Matar ta cire silifas ɗinta ta miƙa mata. Da su Jagoda ta shiga, tana ja, ta ci jarrabawar.