Zaurenmu Ya Samu Sabon Aiki

Ina cikin auna bangon zaurenmu na Ƙofar Doka sai ga kakata da sandarta. Tunda na gama jami'a nake son koyar da yara kwamfuta a ciki, na kasa tambayarta. Zauren ya girmi kakan babana, amma ban san ainihin shekarunsa ba.

Na ce, "Hajiya, ko ƙusa ba zan buga ba."

Ta ce, "Maigidana sarkin tsoro! Nan aka yi saƙa, aka yi karatun allo, kakanka ya yi ɗinki. Ɗakin da ba a shiga, shi damina ke ci."

Yau muka fara, kuma ita ce a layin gaba.

Ku fa, me tsohon zaurenku ya zama?