Tumbin Rago a Watan Janairu

Shekara uku na yi ina tuƙa wani dattijo Bature, mutumin Sikotland, a Riyadh. Kafilina, wato wanda ya ɗauki nauyin zamana a Saudiyya, shi ne ya haɗa ni da shi. Gidansa yana Unguwar Ofisoshin Jakadanci, ni kuma ɗakina yana bayan gareji, ba ni da abokin hira sai rediyon mota. A ƙasarsu sana'arsa gyaran tsofaffin gidajen dutse da lambunansu, shi ya sa aka ɗauko shi ya riƙa ba da shawara kan gine-ginen ƙasa na tsohon gari. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo kuma ba ta cika bugo waya ba.

Da safe nakan kai shi Dira, unguwar tsohon garin. Sai ya tsaya gindin katanga yana shafa ta da tafin hannu kamar mai tayin doki. A hanya yakan ba ni labarin wani lambu a bakin tafki da ya yi shekaru yana farfaɗowa, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Ni dai "to, yallaɓai" nake cewa, idona a kan titi.

Wani watan Janairu ya aike ni kasuwa in samo tumbin rago da hanta da huhu. Ya ce mutanensu suna da ranar da suke dafa wannan, su sa kayan gargajiya, su karanta waƙoƙi. Ya gayyaci abokan aikinsa. Wuni ya yi a kicin yana cusa tumbin da albasa da wani hatsinsu, ya ɗaura zanensa mai gida-gida iya gwiwa, ya jera farantai. Ɗaya bayan ɗaya abokan aikin suka bugo waya suna ba da uzuri.

Na idar da sallar magariba ke nan na ji ana buga ƙofata. Shi ne tsaye, gwiwoyinsa a waje.

"Naman halal ne, kai ka sayo da hannunka," in ji shi. "Zo mu ci."

Muka zauna mu biyu a dogon teburi, sauran kujerun ba kowa. Ya miƙe ya karanta waƙa da yarensu, ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Abincin ba yaji, amma na cinye. Da ya tambaye ni labarin gidanmu, na gaya masa zauren kakanmu a Zariya, ginin ƙasa mai zane a saman ƙofa, ya faɗi da damina ina nan, yayyena suka tayar da na bulo. Hoto kawai aka turo mini a waya. Sai ya ƙara mini nama.

Da zafi ya shigo kwantiraginsa ya ƙare. Na kai shi filin jirgi, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ja akwatinsa ya shige. Kafili ya mayar da ni tuƙa motar leburori, na koma ɗaki ɗaya da mutanen da ba ma jin yaren juna. Ban sake jin ɗuriyarsa ba.