Malam Mai Kujeru

Babana ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da Turanci a makarantar sakandare, kuma ranar da ya yi ritaya bai dawo gida da komai ba sai tabarau mai ɗaure da zare da tsofaffin kujeru uku da makaranta ta riga ta yi niyyar zubarwa. Mama ta ce ba za su shigar mata falo ba, sai ya jera su a gareji, inda motar da muka sayar tuntuni ta bar tabon baƙin mai a ƙasa. Ta hagu sunanta Jiya, ta tsakiya Yau, ta dama Gobe. Gobe gurguwa ce, ƙafarta ɗaya ta gaza sauran, sai an tokare ta da kwali. Duk unguwa ba mai kiransa sai Malam Mai Kujeru.

Shagon ɗinkina jikin garejin yake, saboda haka darasinsa kyauta nake sha, ko ina so ko ba na so. Dokarsa ita ce ɗalibi ba ya taɓa biro sai ya fara ba da labarin da baki. In abin ya riga ya faru, ka zauna a Jiya ka faɗe shi. In kullum ake yi, ka koma Yau. In bai zo ba tukuna, ka lallaɓa ka hau Gobe. A cewarsa kalmar aiki a Turanci canza kaya take yi gwargwadon lokaci, kuma kai yana saurin mantuwa, amma jikin da ya sha tashi da zama ba ya mantawa. In kana kan Jiya ka ce “go” maimakon “went”, ba ya faɗa, gira kawai zai ɗaga ya tsura wa kujerar ido kamar ita ta yi laifin.

Sauran koyarwarsa ba ta da yawa. Ka karanta tambaya har sai ka iya maimaita ta da Hausa. Ka rubuta abin da idonka ya gani. Magana ɗaya ta ishi sakin layi ɗaya, kuma duk jimlar da numfashinka ya ƙare kafin ta ƙare, ka raba ta. Babban abokin gabansa shi ne hadda. In ya ji ɗalibi ya ɗauko wani zungureren Turanci da ya fi ƙarfin bakinsa, sai ya tambaye shi a wace kasuwa ya sayo shi.

Da yamma yakan zauna a bakin ƙofa, manyan mutanen da ya koyar su wuce a mota, wani ya danna masa hon, wani ko hon ɗin babu. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma ni na san yana ganin kamar ya yi aikin banza, kuma abin yana ci masa rai.

Ana haka sai ga Uwar Jarirai. Sunan da ake kiranta ke nan a asibitin da take aiki, inda ta daɗe tana taimaka wa ma'aikatan jinya a ɗakin jarirai. Mace ce mai jiki da fara'a, in ta yi dariya har almakashina sai ya motsa a kan tebur. Amma ranar ba dariya ta zo yi ba. Asibiti ya fito da sabuwar doka, duk wanda ba shi da shaidar cin jarrabawar Turanci kafin ƙarshen shekara za a mayar da shi ɗakin wanki. Ita kuwa jariran nan su ne rayuwarta, ta fi son a ce ta bar aikin gaba ɗaya da a raba ta da su.

Ta ce ta taɓa rubuta jarrabawar ba ta ci ba, Baba ya tambaye ta yadda aka yi ta faɗi. Ashe wani rubutu ta haddace a kan tafiya a jirgin sama, ita da ko filin jirgi ba ta taɓa leƙawa ba. Da ta shiga jarrabawa sai aka ce a bayyana kasuwa. Ba ta yi wata-wata ba ta ɗauko jirginta, ta yi ta shawagi da shi har ƙarshen takarda, sannan a layin ƙarshe ta sauke shi kusa da masu tumatir. Baba ya yi dariya har da tari, ni ma sai da na karkace ɗinkin wuyan riga.

Ya ce ta manta da jirgi, ta gaya masa abin da ta yi da safe. Nan fa aka fara. Ta zauna a Jiya ta wanke jariri, ta koma Yau ta bayyana yadda ake naɗe su a tawul, ta sake komawa Jiya saboda ta tuna wata uwa da ta suma. Kujeru suna kuka, ita tana haki, tana cewa ita Turanci ta zo koyo ba motsa jiki ba. A hankali bakinta ya saki, rubutunta ya gajarce, ya fara kama da ita. Abu ɗaya ne ya gagara, ko da wasa ta ƙi zama a Gobe. Na ɗauka tsoron gurguwar ƙafar take yi, har na yi mata tayin ƙarin kwali.

Ta ce, “Ba ƙafar ba ce, ƙanwata. In na zauna a nan me zan ce? Zan ce zan wanke jarirai, ko zan wanke zannuwan gado?”

Baba bai matsa mata ba. Ya bar ta tana dafa bayan kujerar a tsaye in za ta yi maganar abin da ke tafe.

Abin da babu wanda ya yi tunani a cikinmu shi ne, ɗakin jarrabawa ba shi da kujeru uku, dogon benci ne, mutum biyu a kai. Ita ta ba mu labari da ta dawo, gyale a hannu. An ce a rubuta wata rana a wurin aiki da ba za a manta ba, ta kuwa samu abin da take so, ta kama labarin wani ɗan mitsitsin jariri da kowa ya fid da rai da shi. Sai dai jiki ya riga ya saba. In za ta rubuta abin da ya wuce sai ta gusa hagu, ta dawo tsakiya, ta sake gusawa, har ta kusa ture yarinyar da ke gefenta. Ba ta ankara ba sai ga mai sa ido a kanta, wata mata mai ɗaurarriyar fuska, ta zare takardar, ta ce satar amsa take yi. Uwar Jarirai ta ce a lokacin har warin sabulun ɗakin wanki ta ji a hancinta.

Matar ta tambaye ta me take nema a hagu. Ita kuma don ruɗewa sai gaskiya ta kuɓuce mata, ta ce, “Wallahi Jiya nake zuwa.”

Matar ta ƙare mata kallo. Can ta sunkuyo ta rage murya ta ce, “Har yanzu Gobe gurguwa ce?”

Ta mayar mata da takardarta, ta kai ta wani benci a baya da babu kowa, ta ce ta yi ta gusawa son ranta. Da aka tashi ta ba ta saƙo, a gaida Malam, a gaya masa har yau in za ta rubuta rahoto a ofis sai ta tsinci kanta ta karkata hagu.

Baba ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga. Ya ce hayaƙin janareton maƙwabta ne ke damun idonsa, alhali ranar akwai wuta. Ni dai na ji daɗi har cikin raina, na koma kan keken ɗinkina don kada ya ga na gani.

Da sakamako ya fito, da kayan aikinta ta shigo garejin, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Baba ya miƙe yana tambayar yaya aka yi. Ita kuwa kujerun ta nufa. Ta wuce Jiya, ta wuce Yau, ta zauna daram a kan Gobe, kwalin ya fice, kujerar ta karkata, ta dafa bango ta gyara zama.

Ta ce, “Malam, gobe da sassafe ina ɗakin jarirai. In faɗa da Hausa ko da Turanci?”